Ta Wa Ce Waƙar da Ka Ɗauka?

A zamanin nan da wuya a yi taron waƙa, ko na ekklesiya ko na gari, ba a ga waɗansu sun ɗaga kamara sama suna ɗauka ba. Akwai waɗanda a ke kira su yi aikin a biya su lada. Ba zancensu za mu yi a nan ba. Zancenmu a kan waɗanda su ke yi domin sha'awa ne kaɗai. Mutum ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi kamarar bidiyo, duk inda ya ji mawaƙa za su yi wasa sai ya tafi, ya nemi wuri mai kyau, ya ɗauki waƙar tun daga farko har ƙarshe, ya koma gida ya ajiye. Wani ya kan kalla shi kaɗai, wani ya kan yi musaya da abokansa, wani kuwa ya kan sa a intanet duniya duka ta gani.

Dā wannan aiki na masu majigi ne, gama kayansu suna da nauyi da tsada ƙwarai. A shekara ta 1983 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da kamara mai kaset a cikinta, wadda mutum ɗaya ya ke iya saɓawa a kafaɗa. A 1985 ya fito da wata ƙarama mai suna Handycam, wadda a ke riƙewa da hannu ɗaya. Yau kuwa wayar hannu ta zama kamara. Saboda haka zancen da dā ya shafi mutane kaɗan, yanzu ya shafi kowane ɗayanmu, har da masu zuwa gasar mawaƙa da babban taron zumuntar mata.

Shin daidai ne mai bi ya yi wannan? Littafi Mai Tsarki bai ambaci kamara ba, amma ya yi magana da yawa a kan kayan maƙwabci, da tunawa, da sujada. Akwai tambaya guda wadda in mun amsa ta sosai, sauran za su zo da sauƙi. Ga ta: waƙar nan da ka ɗauka ka kai gida, ta wa ce?

AMFANIN AJIYA

Bari mu fara da alherin da ke cikin abin, gama akwai shi. Maginiya ta kan gina tukunya ta ajiye, jikokinta su sha ruwa a ciki. Aikin mawaƙi kuwa, da ya rufe baki ya wuce. Dukanmu mun san tsofaffi masu murya da suka rasu, waɗanda suka tsara waƙoƙin da mu ke yi yau cikin harsunanmu, amma ba mai sake jin yadda su da kansu su ke rairawa.

A birnin New York na ƙasar Amurka akwai wani babban gida da a ke kira Metropolitan Opera, inda a ke yin wasan kwaikwayo da waƙa. Mai kula da takardun waƙa na gidan, Lionel Mapleson, ya sami wata na'ura irin ta Edison, mai ɗaukan murya a kan kaki. Daga 1901 zuwa 1903 ya riƙa kafa ta da babban ƙahonta sa'ad da a ke cikin wasa, yana ɗaukan minti biyu nan, minti biyu can, domin sha'awarsa. Ƙarar da ke ciki tana da yawa, sai an kasa kunne sosai kafin a ji waƙar. Duk da haka fiye da ɗari daga cikin abin da ya ɗauka suna nan har yau a babban ɗakin karatu na birnin. A cikinsu ne kaɗai a ke iya jin muryar Jean de Reszke, wanda ya ke cikin manyan mawaƙan Turai na zamaninsa, gama ba a taɓa fitar da faifansa ba. Da ba domin sha'awar mutum ɗaya ba, da muryar nan ta bi mai ita kabari. Mapleson murya kaɗai ya iya ɗauka. Mai kamara na yau yana ajiye murya da fuska tare.

Allah kansa yana so a tuna da ayyukansa. Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Urdun, an zaɓi mutum goma sha biyu su ɗauko duwatsu daga tsakiyar kogin, aka kafa su a Gilgal, domin ran da 'ya'ya suka yi tambaya iyaye su ba su labari (Joshua 4). Ajiye abin tunawa domin na baya aiki ne mai kyau. Amma kyaun aiki ba ya gaya mana ko wane ne ya ke da izinin yinsa.

HAKKIN MAWAƘI

A watan Janairu na 1972 wata shahararriyar mawaƙiya ta Amurka, Aretha Franklin, ɗiyar wani mai wa'azi, ta yi dare biyu tana raira waƙoƙin bishara a majami'ar New Temple Missionary Baptist, a birnin Los Angeles, tare da Pasto James Cleveland da ƙungiyar mawaƙansa. Aka ɗauki muryar aka yi faifai mai suna Amazing Grace, aka sayar da fiye da miliyan biyu. Kamfanin majigi na Warner kuma ya aiko Sydney Pollack da mutanensa su ɗauki hoton taron. Amma sun yi mantuwa ɗaya. Masu majigi suna da wani ɗan allo mai baki biyu da su ke tafawa a gaban kamara kafin su fara, domin daga baya a iya daidaita hoto da murya. Su ba su tafa ba. Da aka koma aka rasa yadda za a haɗa motsin baki da waƙar, sai aka jefa fim ɗin a ɗakin ajiya shekara da shekaru.

Daga baya wani mutum mai suna Alan Elliott ya sayi abin da aka ɗauka, aka daidaita shi da taimakon kwamfuta. Da ya tashi nuna wa jama'a, sai mawaƙiyar ta kai ƙara a 2011, ta ce ba ta ba da izini ba. A 2015 ya sake shiri zai nuna a wani bikin majigi a garin Telluride, cikin jihar Colorado. Ta koma kotu, alƙali ya hana. Ta rasu a watan Agusta na 2018. Bayan haka iyalinta suka yarda, aka nuna fim ɗin a watan Nuwamba, watau shekara 46 bayan an ɗauka.

Mutane da yawa da suka gani sun shaida ya taɓa zuciyarsu. Wani zai ce, ashe ba ta yi laifi ba da ta hana jama'a albarka irin wannan? Mai yiwuwa ne. Ba mu ne alƙalan zuciyarta ba. Amma ko mun ga mai gona yana rowar hatsinsa, rowarsa ba ta ba mu izinin shiga rumbunsa da dare ba. Murya da fuskar nan ita Allah ya ba, ita kuma za ta ba da lissafin yadda ta yi da su. Ka lura kuma, masu majigin nan a fili suka shiga majami'a, da saninta. In har tana da ikon cewa a'a ga waɗannan, balle ga wanda ya shiga da kamara ɓoye cikin riga.

Masu ɗauka ba da izini ba su kan kawo hujja uku. Bari mu auna su.

Ta fari, mutum ya ce, ai na biya kuɗin shiga. Gaskiya ne ka biya. Amma tikitin kujera ya saya maka, da ji na dare ɗaya. Wanda aka kira cin tuwon buki ya kan ci ya ƙoshi ya yi godiya, ba ya ɗauke akushin ya tafi da shi gida.

Ta biyu, ya ce, ban rage masa kome ba, ga muryarsa nan a bakinsa. A nan sai a duba da kyau. Akwai mawaƙan bishara da su ke cin bashi kafin su fitar da waƙoƙinsu, da fatan abin da aka saya zai biya bashin ya ciyar da iyali. In waƙar ta riga ta bazu kyauta daga kamararka, wa zai saya? Manzo Bulus ya tuna wa Timothawus hakkin ma'aikaci a kan ladan aikinsa (I Timothawus 5:18). Ko ba zancen kuɗi, ka ƙwace masa zaɓi. Wataƙila ran nan mura ta kama shi. Wataƙila sabuwar waƙa ce da bai gama gyarawa ba, yana gwada ta ne a gaban 'yan'uwa. Kai ka yanke masa shawara cewa a hakanan duniya za ta san ta.

Ta uku ita ce mu masu bi mu ka fi so. Mutum ya ce, waƙar Allah ce, ni kuwa bishara na ke yaɗawa. Ka tuna da sarki Dawuda sa'ad da ya tafi gina bagadi a masussukar Arauna. Mai wurin ya ce zai ba shi filin da shanun kyauta, Dawuda ya ƙi, ya biya, domin bai yarda ya miƙa wa Ubangiji abin da bai taɓa aljihunsa ba (II Samuila 24). In Dawuda ya ƙi yin hadaya da kyautar da aka ba shi da yardar rai, yaya mu za mu yi da abin da mu ka ɗauka ba a ba mu ba? Neman izini kuwa magana ɗaya ce. Mawaƙan ekklesiya da yawa da murna za su ce i. In ka ga kana jin nauyin tambaya, ka bincika zuciyarka, ko tsoron a ce a'a ne ya hana ka. Ka duba kuma, a Facebook ko YouTube, sunan wa ya ke girma da waƙar.

Dokar ƙasashe ma ta san da wannan hakki. A 1961 aka yi wata yarjejeniya a birnin Roma domin kare masu waƙa da masu wasa daga ɗauka ba da yardarsu ba. A Nijeriya dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba mai wasa iko a kan ɗaukan wasansa da watsa shi. Mai bi wanda ya karanta Romawa 13 ba ya cewa doka ba ta shafe shi ba domin ɗan sanda ba ya kallo.

Inda izini ya ke kuwa, abin ya kan zama zumunci. Wata ƙungiyar makaɗa ta Amurka, Grateful Dead, ta yarda wa masu sonta su ɗauki muryar wasanta. Daga 1984 har wuri aka keɓe musu a cikin taro, inda za su kafa kayansu. Sharaɗin shi ne a yi kyauta ko musaya, kada a sayar. Dubban abin da suka ɗauka suna nan a intanet, kowa ya ji. Waɗannan makaɗan duniya ne, waƙarsu ba ta sujada ba ce. In sun iya shirya abin bisa ga amana, abin kunya ne a ce 'ya'yan ekklesiya sun kasa.

HAKKIN NA KUSA DA KAI

A cikin taro ba kai da mawaƙi kaɗai ku ke ba. Tsohuwar da ke zaune a bayanka ta yi tafiya mai nisa domin ta ga jikarta tana waƙa, sai ga hannunka da kamara sun tare mata. Wani yana addu'a, ka gitta gabansa kana neman wurin da haske ya fi kyau. Waɗannan ƙananan laifofi ne, roƙon gafara ya kan share su.

Akwai wanda ya fi su nauyi. Kamara ba ta tsayawa a kan mawaƙa, ta kan juya kan jama'a. Ga mace tana kuka, gama waƙar ta tuna mata da ɗanta da ya rasu. Hawayen nan tsakaninta da Allah ne. Ga yarinya ta fito waƙa karo na fari, murya ta sarƙe mata. Dā a kan manta kafin Lahadi ta zagayo, yanzu kuwa sai a yanko wurin a tura daga waya zuwa waya ana dariya, har ta rantse ba za ta ƙara buɗe baki a majami'a ba. Ga kuma sabon mai bi wanda danginsa ba su yarda da bangaskiyarsa ba, ya zauna can baya domin kada a gan shi. Kai ba ka san shi ba. Ka ɗauki fuskarsa ka sa a intanet, washegari a kore shi daga gida, ko abin da ya fi haka muni ya same shi. Waɗanda su ke zaune a wuraren da a ke tsananta wa masu bi sun san wannan ba tatsuniya ba ce. Abin da ya shiga intanet kuwa ba ya kiranyuwa.

Ubangijinmu ya ba mu ma'auni cikin Matta 7:12, watau mutum ya sa kansa a matsayin ɗan'uwansa kafin ya yi masa abu. Kafin ka juya kamara kan wani, ka tambayi kanka ko za ka so a nuna ka a wannan hali ga waɗanda ba ka sani ba.

ABIN DA MAI ƊAUKA YA KE RASAWA

Saura mutum ɗaya da ba mu ambata ba, shi ne mai kamarar kansa. Yana tsammani shi ya fi kowa riba, gama kowa ya tafi hannu wofi, shi ya tafi da waƙar. Anya haka ne?

A 2013 wata malama a Jami'ar Fairfield ta Amurka, Linda Henkel, ta buga sakamakon wani gwaji. Ta kai ɗalibai gidan ajiye kayan tarihi, ta sa su ɗauki hoton waɗansu kaya, waɗansu kuwa su duba da ido kawai. Kashegari aka tambaye su. Sai aka tarar sun fi tunawa da waɗanda suka duba da ido. Kamar dai zuciya ta ce, tun da kamara ta riƙe, ni na huta. Amma inda ɗalibi ya natsu ya zaɓi wani sashe na abin ya jawo shi kusa kafin ya ɗauka, tunaninsa bai ragu ba. Gwajin a kan hoton kaya aka yi shi, amma darasinsa a fili ya ke: hankali shi ne mai ajiya, inda ba a sa shi ba kuwa ba abin da ya ke zama.

Mawaƙa ma suna jin wannan rashi daga kan dandamali. A 2014 Kate Bush, mawaƙiyar Ingila, ta yi wasa dare 22 a birnin Landan bayan ta yi shekara 35 ba ta yi irinsa ba. Tun kafin a fara ta roƙi masu zuwa kada su ɗauki hoto ko bidiyo, domin tana so ta sadu da mutane ido da ido. Waɗansu mawaƙa yanzu har sawa su ke yi a kulle wayar kowa cikin wata 'yar jaka sai an tashi.

In haka ya ke a wasan duniya, yaya a waƙar sujada? Ran da aka kawo akwatin alkawari Urushalima, Dawuda da jama'a suna ta rawa da sowa a gaban Ubangiji. Mikal ɗiyar Saul kuwa ta taga ta leƙa. Daga nan ta ga duk abin da ya faru, amma abin da ta samu a zuciyarta reni ne (II Samuila 6). Kamara ƙaramar taga ce. Wanda ya ke bayanta tilas ya riƙa duban haske da inuwa, da ko batir zai kai, da wanda ya yi kuskure. Ba kowane mai kamara ne Mikal ba, amma wurin da ya tsaya wurin mai kallo ne, alhali kuwa an kira shi ya zama mai yabo. Mutanen dā sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ya mai karatu, ka buɗe wayarka ka ƙidaya waƙoƙin da ka ɗauka bara. Guda nawa ka sake kallo har ƙarshe?

TULU ƊAYA NA MANNA

Cikin Fitowa 16 akwai misalin da zai taimake mu. Allah ya ba Isra'ilawa manna a jeji, aka ce kowa ya tara na yini ɗaya. Waɗansu suka ƙi ji suka ɓoye saura domin gobe, da gari ya waye suka tarar ya yi tsutsa yana wari. Amma cikin sura ɗin nan kuma Ubangiji ya umarta a ɗebi mudu ɗaya a zuba a tulu, Haruna ya ajiye shi a gabansa, domin tsararraki masu zuwa su ga abincin da aka ciyar da kakanninsu. Manna ɗaya ce. Wadda kowa ya ɓoye wa kansa ta ruɓe. Wadda aka ajiye bisa ga umarni, ta hannun wanda aka sa, domin jama'a duka, ita ce ta daɗe.

Ga amsar tambayarmu ke nan. Waƙar da ka ɗauka ta mawaƙi ce, gama shi ya yi wahalarta. Fuskokin da ke ciki na masu su ne. In waƙar yabo ce kuwa, ga Allah aka miƙa ta. Mai kamara ma'aji ne kawai, ma'aji kuwa ba ya naɗa kansa.

Domin haka, ɗan'uwa mai wannan sha'awa, ba mu ce ka sayar da kamararka ba. Ekklesiya tana bukatarka. Ka tafi wurin mawaƙa ko masu shirya taro tun kafin a fara, ka gaya musu abin da za ka yi da shi, in sun ce a'a ka mai da ita jaka ba da gunaguni ba. In sun yarda, ka kafa ta a wurin da ba za ta tare kowa ba, ka nufe ta kan masu waƙa. Kada ka sa kome a intanet sai masu shi sun gani sun amince, kada kuma ka sayar da abin da aka ba ka kyauta. Ka rubuta rana da wuri da sunayen mawaƙa, gama bayan shekara talatin wannan ne zai ba abin daraja. Ka ba mawaƙan nasu kofi. Ka keɓe waɗansu taro kuma da za ka tafi hannu wofi, domin kai ma ka yi waƙa.

Ku kuma dattawan ekklesiya, maimakon kamara hamsin a sama lokacin yabo, ku zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu aminci ku danƙa musu aikin. Ku sanar wa jama'a ana ɗauka, ku keɓe wurin zama inda kamara ba ta kaiwa saboda waɗanda ba su so a gan su. Ku aike masu kamarar nan kuma wurin tsofaffin mawaƙanku tun suna da rai, su zauna su raira waƙoƙin farko yadda suka koya, a ajiye domin 'ya'yanmu. Manzo ya gargaɗi Korinthiyawa su yi al'amuran taronsu da tsari (I Korinthiyawa 14:40), gargaɗin nan ya kai har kan kamara.

Allah ya ba mu zuciyar da za ta girmama kayan maƙwabci, da bakin da zai yabe shi sa'ad da a ke yabo. Amin.